Tabaryar Ladi

Duk wanda ya tashi a gidan nan ya san guntun icen da ke tokare ƙofar madafa, baƙi wuluk, mai kai kamar kulki, wanda in ya faɗo wa mutum a ƙafa sai ya yini yana ɗingishi. Kun kuma sha ji a bakin tsofaffin Sabo, in abu ya yi nauyi kuma ba shi da amfani, su ce ai wannan tabaryar Ladi ce. Ladin nan mahaifiyarku ce, Allah Ya jiƙanta, icen nan kuma shi ne tabaryar. Tana da rai ban taɓa zama da ku a kan maganar ba, ku ma kunya ta hana ku tambaya. To ga shi yanzu na ji jikokina sun fara maimaita kalmar suna ƙyalƙyala dariya, ba su san da kakarsu suke ba. Gara ku ji daga bakina, ko da yake wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin ya faru ne 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Lokacin ina dako a gidan Alhaji Ɗanjuma, ɗaya daga cikin manyan masu gida na goro a Sabo, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Yarbawa. Fatake su sauka a wurinsa, dillalansa su sayo musu goro daga hannun Yarbawa, a ɗaure huhu-huhu, mu kuma 'yan dako mu kai tasha a ka. Ba yabon kai ba, a lokacin babu mai ƙarfina a unguwar. Huhun da mutum biyu ke nishi kafin su ɗaga, ni kaɗai nake cilla shi cikin lori. Yarbawan tasha in sun hango ni sai su ce ga Gambarin nan, wato Bahaushen nan, mai wuyan bijimi. Abin da ba su sani ba, wuyan ya fara ba ni labari. Kullum da yamma sai mahaifiyarku ta gasa min shi da ruwan zafi, tana yi tana faɗa, wai sai na bari gammo ya cinye mata miji. Burina duka a duniya shi ne Alhaji ya ce in ajiye gammo in shiga cikin dillalai, in sa riga mai tsabta, in riƙa fasa goro ina duba cikinsa kamar mutum. Na daɗe ina jiran wannan kalma, shi kuwa Alhaji bai ga dalilin da zai sa ya rasa ɗan dakon da ya fi kowa ba.

A kan hanyarmu ta zuwa tasha, ta wajen unguwar Mokola, akwai filin wata makarantar mishan, da wani ƙaton mangwaro a can ƙarshensa. A shekarar aka kawo musu wani malami daga Amurka, baƙar fata kamar mu, amma ba ya jin yaren kowa, abin da ya daɗe yana ɗaure mana kai. Shi ya zo musu da wani wasa da suke kira besbol. Mutum ɗaya ya tsaya da sanda, wani ya jefo masa ƙwallon fata mai tauri, girman lemo, shi kuma ya make shi ya yi nisa. Sau uku ake ba ka, in ka kuskure duka ka fita. Mukan sauke kaya a bakin filin mu huta muna kallo, muna yi musu tsiya. Cikin ɗaliban akwai wani siriri, Bayo, wanda ya tashi a gefen Sabo yana jin Hausa kamar mu. Yaron nan in iska ta taso sai ka ji tsoron kada ta tafi da shi, amma in ya maki ƙwallo sai ka ga ya tashi sama ya faɗa cikin ganyen mangwaron nan. Wata rana muna tare da Alhaji, ya raka kaya tasha, sai ga Bayo ya yi irin bugun nasa. Alhaji ya tsaya, ya kalli yaron, ya kalle ni, ya yi dariya.

"Wannan ɗan tsurut ɗin ne ya kai shi can? Ai in Sule na ya buga, sai dai a je Kano a ɗauko."

Bayo ya ji, ya fassara wa malaminsu. Malamin ya yi murmushi ya ce to bisimilla, ga fili, a sa rana. Alhaji mutum ne mai son a san da shi, ga kuma Yarbawa sun taru suna saurare. Sai ya dafa kafaɗata ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Sule, in ka tsallakar da ƙwallon nan bayan mangwaron can, ranar ka ajiye gammo. Na faɗa a gaban shaidu."

Kafin mu tafi malamin ya miƙo min sandar in ji ta. Na karɓa, na jinjina, sai na ji kamar muciya. Raina ya ce, haba, ni da nake ɗaukar huhu, da wannan zan fito a gaban mutanen Sabo? Na mayar masa na ce zan zo da tawa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ba laifi.

Da na koma gida na ba mahaifiyarku labari, tana tsakiyar daka. Kun san sana'arta fura ce, daga cikin gida take yi, 'yan talla su fitar mata. Tabaryarta ta kirya ce, ta uwarta, da ita aka kawo ta daga Kano, kuma duk matan layinmu sun san ta, don in ta sauka a turmi har maƙwabta suna jin ƙasa na motsi. Ta saurare ni har na gama, ta share zufa, ta tsayar da tabaryar a gabana.

"Malam, ni ban san ƙwallo ba, amma na san duka. Tabarya marar nauyi sai ki yini kina wahala gero na kallonki. Mai nauyi kuwa, ɗagawa kawai za ki yi, ita za ta yi aikin. Ɗauki wannan ka kai wa masassaƙi."

Na ce, "Ke Ladi, ta Inna ce fa. Da me za ki yi daka?"

"In ka zama dillali ka saya min goma. Kai dai ka je ka dawo, in yi maka guɗar da za a ji har Mokola."

Maganarta ta shige ni, don gaskiya ce da na sani a jikina. A wurinmu nauyi shi ne ƙarfi, da shi ake auna namiji a tasha, da shi ake auna tabarya a gida. Na kai wa masassaƙi ya yanke ta, ya fere wajen riƙo, ya bar kan da kaurinsa. Kafin kwana biyu 'yan talla sun kai labari kowane gida, cewa Ladi ta sadaukar da tabaryar uwarta don mijinta ya kunyata Yarbawa. Mata suka riƙa aiko mata da gaisuwa, tana ta fara'a, tana aron tabaryar maƙwabta.

Ranar Asabar ce, bayan la'asar. Na zaci mu 'yan dako ne kawai za mu je, ashe Sabo ce ta tashi. Mahauta sun zo da mai kalangunsu, Mamman. Dillalai sun zo da manyan riguna, tsofaffin mata da 'yan talla sun jeru a gefe, aka kawo wa Alhaji kujera. Yarbawa kuma sun cika ɗaya ɓangaren. Mamman ya saki kiɗa yana yi min kirari, yana cewa ga bijimin Alhaji, ga mai tabaryar Ladi, a gaya wa mangwaro ya sunkuya. Kaina ya yi girma har ban ji nauyin icen ba. Na tsaya inda aka nuna min, na riƙe shi gam kamar zan shaƙe shi, Bayo ya tsaya a gabana da ƙwallo.

Ya jefo. Na ga ƙwallon sarai, na ga ɗinkin jikinsa ma, na ce wa hannuna tafi. Hannu ya tafi, ice ya ce sai ya shirya. Kafin kan tabaryar ya zagayo, ƙwallon ya daɗe a hannun yaron da ke tsugune a bayana. Nauyin ya ja ni na yi juyi guda, da ƙyar na tsaya da ƙafafuna. Yarbawa suka kwashe da dariya, mutanenmu suka ce ai gwaji ne, Mamman ya ƙara wa kalangu wuta. Na biyu na ce bari in riga shi, na fara kaɗawa tun ƙwallon bai bar hannunsa sosai ba. Sai Bayo ya sako shi a hankali, ni kuwa ice ya riga ya tafi, ba ya tsayuwa in ya tashi. Na wuce, ƙwallon ya zo daga baya abinsa. Wannan karon gwiwata ta taɓa ƙasa, hulata ta faɗi, kuma dariyar da na ji har da ta ɓangarenmu.

A nan ne malamin ya ɗaga hannu ya tsayar da wasa. Ya tako da sandarsa marar nauyi ya miƙo min, yana magana a hankali, Bayo na fassarawa ƙasa-ƙasa don kada jama'a su ji.

"Ya ce idonka lafiya, ƙarfinka ya isa har ya yi yawa. Icen ne yake makara. Ya ce ka karɓi wannan, saura bugu ɗaya."

Na san gaskiya ya faɗa, kafaɗuna sun riga sun gaya min. Na miƙa hannu ma, sai idona ya faɗa kan 'yan tallan mahaifiyarku, su uku, sun ajiye ƙoren fura suna kallona baki buɗe. Na san kafin in kai gida sun kai mata cewa mijinta ya jefar da tabaryar uwarta a gaban duniya ya ɗauki ta baƙo. Ga Mamman bai daina kiran sunanta a kalangu ba. Na janye hannuna na ce a gaya masa na gode, da tawa zan ƙarasa. Malamin ya ɗauki sandarsa ya koma wurinsa.

Na ukun na same shi. Da ma ban same shi ba. Ƙwallon ya bugi icen can kusa da hannuna, na ji wani zirr ya ratsa yatsuna ya hau har wuya, kamar an zuba min tafasasshen ruwa a cikin ƙashi. Tabaryar ta suɓuce ta faɗi, ƙwallon kuma ya gangara a hankali, a hankali, ya je ya tsaya a gaban ƙafar Bayo. Yaron ma kunya ta hana shi ɗauka. Kalangu ya yi shiru. Sai wata tsohuwa daga ɓangarenmu ta ce da ƙarfi, "Ayya, tabaryar Ladi!" Filin nan gaba ɗaya ya fashe. Na ga dillalai suna share hawaye da hannun riga. Alhaji ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya wuce ta gabana bai ko dube ni ba. Na sunkuya na ɗauki hula da ice, na bi ta bayan gidaje, hanyar da ba na bi ko da kaya a kaina.

Na shiga gida na jefar da icen a tsakar gida. Labari ya riga ni. Mahaifiyarku tana zaune bakin murhu, ba ta ɗago ba, sai ta ce:

"Asiri suka yi wa ƙwallon. Yarbawa ne fa, Malam. Wanke hannu ka ci tuwo."

A kan wannan magana ta tsaya, ita take faɗa wa duk matar da ta shigo jaje da dariya a ƙunshe a baki. Ta sha wuya fiye da ni. Ni a tasha ake min tsiya in yi kamar ban ji ba, ita kuwa sunanta ne ya shiga bakin mutane. 'Yan tallanta su dawo suna kuka, wai ana tambayarsu ko da tabaryar aka daka furar. Biki ta daina zuwa har aka yi Sallah biyu. Washegarin abin na naɗa gammona na koma dako, Alhaji bai sake ta da maganar ba, ni ma ban isa in tayar ba.

Bayan wasu makonni ina dawowa daga tasha ni kaɗai, na rufe fuska zan wuce filin, sai malamin ya hango ni ya aiko Bayo da gudu. Na so in ƙi, amma yaron ya riƙe min riga. Malamin ya sa na riƙe sandarsa da yatsa biyu daga wajen riƙo, tana lilo, ya ɗauki ƙwallo yana ƙwanƙwasa ta daga sama yana gangarowa, ya ce in faɗi abin da nake ji. Kusa da hannu sai sandar ta yi ta rawa a yatsuna. A can ƙarshenta ma haka. Amma akwai wani wuri, kamar faɗin tafin hannu kafin ƙarshe, da ya buga nan sai na ji shiru, sandar ba ta ko girgiza ba. Ya ce nan ne ake so ƙwallo ya sauka, don a nan duk ƙarfin yake shiga ƙwallon, ba ya dawowa cikin hannun mai bugu. Na tambaye shi maganar nauyi, na ba shi labarin tabarya da turmi. Bai yi dariya ba, Allah Ya saka masa. Ya ce matata ta yi gaskiya a kan turmi, don tabarya daga sama take faɗowa, ƙasa ce ke jan ta, nauyinta yana taimakon mai daka. Amma sanda a gefe take tafiya, babu mai jan ta sai kai, kuma ƙwallo ba gero ba ne da zai zauna ya jira. Sauri ake nema a kan sandar. Ya ce in sassauta riƙo, in bar dantse ya huta, in juya ƙugu yadda nake juyawa in zan cilla huhu cikin lori, in kuma sami ƙwallon ɗan ƙasa da tsakiyarsa don ya tashi.

Na kuskure wasu, na taɓa wasu. Can sai na ji ƙwas, wata ƙara mai daɗi, hannuna kuwa bai ji komai ba, kamar ban bugi abu ba. Na ɗaga kai na ga ƙwallon yana ta hawa, ya wuce saman mangwaron da tazara, ya faɗa can cikin gonar rogo. Ɗalibai suka yi ta tsalle suna ihu. Na waiga ko'ina, babu Bahaushe ko ɗaya. Malamin ya ce in je in kawo maigidana ranar Asabar in sake yi a gabansa, alkawari ai alkawari ne.

Ban je ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Na yi ta juya abin a raina a hanya. In na buga da sandar baƙo a gaban Sabo ya tsallake, to na tabbatar wa kowa cewa ƙarfina lafiya, shawarar Ladi ce ta kayar da ni, kuma asirin da take fakewa da shi ya rushe. Wannan rabi ne. Ɗaya rabin kuwa tsoro ne tsagwaronsa, kada in sake tara mutane hannu ya ƙi, in sake jin dariyar nan. Na shiga gida na ci tuwo na yi shiru. Ba a daɗe ba Alhaji ya ba wani mutum dillancin da nake jira, ni kuma na ci gaba da gammo har aka haife ku duka, har wuyan ya karkace yadda kuka san shi.

Mun tsufa, na daina dako, wata rana da hantsi ina kwance a ɗaki sai na ji Sani, jikana na fari, yana ta fama a tsakar gida. Ya ciro icen daga ƙofar madafa yana son ya maki ƙwallon mangwaro da shi, yana ta juyi yana faɗuwa. Sai na ji muryar kakarsa.

"Kai, ajiye kafin ka karya ƙugu. Tabarya daga sama take aiki, ba ta dukan gefe. Nemo mai sauƙi."

Na fito ina dafa bango. Na ce, "Ladi, tun yaushe kika san wannan?"

"Tun ranar. Da ka fita masallaci na ɗauke ta na kaɗa yadda yara suka kwatanta min, ta kusa jefa ni cikin tukunya."

"To asirin Yarbawan fa?"

"Me kake so in ce wa matan Sabo? In ce ni na karya mijina da bakina?"

Na zauna a kan turmi. A nan na ba ta labarin komawata filin, da sandar malamin, da gonar rogo, da Asabar ɗin da ban je ba. Ta zuba min ido har na rasa inda zan sa nawa.

"Ya wuce mangwaron?"

"Ya wuce."

"Ka dawo gidan nan ka ci tuwona ka yi shiru?"

Ta matso ta ɗora hannu a wuyana, daidai inda ta saba gasawa.

"Kai, Malam. Ni tabarya na rasa, ana sayar da ita a kasuwa. Da ka tambaye ni, ai da da kaina zan kai ka filin."

Sai ta dafa ƙofar madafa ta miƙe, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa. Muryar ta tsufa, tana karyewa a tsakiya, ko ƙofar gida da ƙyar ta kai, balle Mokola. Hadiza, kina nan ranar, ke kika fito da gudu kina salati, kin zaci ta rikice. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya wa ya haihu. Ni dai na rufe fuska da hula, ina jin mahaifiyarku tana ba ta amsa.

"Ba haihuwa ba ce. Mijina ne ya buga ƙwallo."